Allon rahoton da ba a buɗewa: aikin wata 'yar SIWES a kan bayanan ruwa a Kano

Asalin lamarin

Ɗaliba ce a sashen kimiyyar kwamfuta na wata jami'a a Kano. Ta kai matakin da ake tura ɗalibai horon sanin makamar aiki na wata shida, wato SIWES, shirin da ITF, hukumar asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ta ƙirƙiro tun 1973. Ta samu gurbi a wata ƙaramar ƙungiya mai zaman kanta da ke aikin ruwa da tsaftar muhalli, mai ofis a wajen titin Gidan Zoo. Ma'aikatan dindindin ba su kai 15 ba. Mutum uku ne suka shafi wannan labari kai tsaye: Hajiyar da ke shugabantar shirye-shirye, Malamin da ke kula da sa ido da tantance ayyuka, da kuma shugaban masu fita unguwanni.

Duk mazaunin birni ya san yadda sha'anin ruwa yake. Akwai matatun Challawa da Tamburawa da Watari, amma famfo bai kai kowane lungu ba, inda ya kai ma ba kullum yake zuwa ba. Saboda haka gida ɗaya kan haɗa hanya biyu ko uku: rijiyar cikin gida don wanki, burtsatsen masallaci ko na maƙwabta, 'yan garuwa da kurarsu, ga ruwan leda na sha. A riƙe wannan, domin daga nan ɗaya daga cikin manyan matsalolin ta fito.

A watannin Nuwamba da Disamba, kafin zuwanta, ƙungiyar ta yi binciken gida-gida a mazaɓu 12 cikin ƙananan hukumomin Gwale, Dala, Fagge, Tarauni da Nassarawa. An shiga gida kusan 600, kimanin 50 a kowace mazaɓa, da tambayoyi sama da 80. An yi amfani da KoboCollect, manhajar da ke aiki a wayar Android ko babu sabis, sai an samu intanet a tura amsoshin. An shirya zagaye na biyu a watan Afrilu, lokacin da zafi ya yi tsanani, rijiyoyi suka ja baya.

Aikin da aka ba ta shi ne gina dashbod, wato allon rahoto mai nuna alƙaluman binciken a zane a fuskar kwamfuta, bayaninsa kuma bai wuce jimla ɗaya ba. Hajiya ta ce: “'Yata, ki yi mana dashbod irin na manyan ƙungiyoyi, mu daina jiran Malam duk lokacin da muke son lamba.”

Janairu: abin da ta tarar a cikin fayil

Malam ya tura mata fayil ɗin Excel da aka sauke daga Kobo. Kowane gida layi ɗaya, amma a kwance kolom, wato gurabun amsa da ke jere a kan layin, ya haura 200, domin duk tambayar da ake iya zaɓar amsa fiye da ɗaya tana rarrabuwa, kowace amsa da nata kolom mai 1 ko 0. Kan kolom ɗin kuma ba tambayar da aka karanta wa mutane ce a rubuce ba, gajerun sunaye ne da wanda ya tsara fom ya raɗa don kansa.

Matsala ta farko sunayen unguwanni. A fom ɗin an bar wurin unguwa a buɗe, kowa ya rubuta da hannunsa. Ɗorayi ta fito a matsayin Dorayi, da Ɗorayi, da Dorayi Babba, da D/Karama. Rijiyar Lemo ta zama R/Lemo a wajen wasu, Rijiyar Lemu a wajen wasu. Gyaɗi-Gyaɗi kuwa kowa da inda ya sa karan tsakiya ko ya bar shi. A idon kwamfuta kowanne daga cikin waɗannan gari ne daban. Hotoro ta fi duka rikici, domin sunan yana cikin mazaɓun Nassarawa, yana kuma cikin na Tarauni, mai tattara bayanai kuwa ya rubuta Hotoro kawai ya wuce. Sai da ta koma kan lambobin GPS, masu nuna ainihin wurin da kowane gida yake, kafin ta raba su.

Ta biyu kuɗin ruwa. Tambayar ita ce nawa gidan ke kashewa wajen 'yan garuwa, ba a faɗi a kan me ba. Wani ya rubuta kuɗin jarka ɗaya mai lita 25, wani kuɗin kura guda, wani abin da maigida ke bayarwa a rana. Duk suna cikin kolom ɗaya, babu alamar da za ta bambanta su.

Ta gyara sunayen unguwanni da hannu, layi bayan layi, a cikin fayil ɗin na asali. Aikin ya ci mata kusan mako biyu. Kuɗin ruwa kuma ta bar shi yadda ta same shi, don a lokacin ba ta gane cewa ma'auni uku ne a cakuɗe ba.

Fabrairu: allo na farko

Ta zaɓi Power BI, manhajar gina irin wannan allo, domin shi ake yawan nema a tallan aiki, ga darussansa birjik a YouTube. A ƙarshen wata ta kammala allo mai shafi biyar da zane sama da 20. Kusan kowace muhimmiyar tambaya ta samu zanenta. Akwai filta shida a gefe, wato maɓallan da ake dannawa a ware wani rukunin gidaje kaɗai: ƙaramar hukuma, mazaɓa, jinsin mai riƙe da gida, yawan mutanen gida, irin gini, da hanyar samun ruwa. A shafin farko ta sa taswirar birni, kowane gida da aka shiga ɗigo ne mai launi. Da aka haska shi a bangon ɗakin taro kowa ya yaba, har Hajiya ta ɗauki hoto.

Daga nan aka zo maganar yadda sauran za su riƙa buɗe shi. Manhajar da ta yi ginin da ita a Windows kaɗai take aiki, raba rahoto tsakanin ma'aikata ta intanet kuma yana buƙatar lasisin biya, ƙungiyar ba ta da shi. Sai ta ga akwai hanyar wallafawa a yanar gizo, ta bi ta, ta tura link ɗin a zauren WhatsApp na ofis. Abin da ba ta lura da shi ba shi ne duk wanda link ɗin ya faɗa hannunsa zai buɗe, ba a tambayar kalmar sirri. A kan taswirar kuwa, idan ka matso da ita sosai ka taɓa ɗigo, za ka ga gidan da ke lungu kaza mace ce ke riƙe da shi, mutum nawa ne a ciki, da irin banɗakin da suke da shi.

Malam ne ya gani da yamma, ya kira ta. Ya tuna mata cewa an yi wa masu amsa tambayoyi alkawarin ɓoye sirrinsu kafin su buɗe baki, kuma tun watan Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, wurin zaman mutum yana cikin abin da ta kare. An sauke rahoton a daren. Daga ranar allon ya koma zaune a laftof ɗinta kaɗai, duk mai son lamba sai ya zo teburinta. Layin da a da ake yi a gaban Malam ya dawo gabanta.

Farkon Maris: taron masu unguwanni, da horon da bai yi tasiri ba

Ƙungiyar ta kira taro da masu unguwanni da wakilan kansiloli don a nuna musu sakamako. Ita ce ke riƙe da laftof. Abu biyu suka faru a zaman.

Na farko, an haska zanen da'ira na hanyoyin samun ruwa a wata mazaɓa, ya nuna 'yan garuwa na da kashi 35 cikin ɗari. Wani mai unguwa ya girgiza kai ya ce shi a unguwarsa da wuya ka ƙirga gida uku ba ka ga kura a ƙofar biyu ba. Shi ke da gaskiya. Cikin gida 50, gida 35 sun ambaci 'yan garuwa, wato kashi 70. Amma da yake gidaje da yawa sun zaɓi hanya biyu ko uku, jimillar amsoshin ta kai 100, zanen da'ira kuma dole ya cika ɗari daidai, sai ya raba 35 da yawan amsoshi maimakon yawan gidaje. Lissafin manhajar daidai ne, tambayar da ta amsa ce ba wadda ake yi ba.

Na biyu, wani wakili ya nemi a nuna gidajen da mata ke riƙe da su a mazaɓarsa, masu dogaro da rijiya. Ta danna filta uku, lamba ta fito da girma: kashi 67 ba sa tace ruwa kafin sha. Wakilin ya fara rubutawa. Malam ya matso ya duba, ashe gida 9 ne suka rage bayan tacewar, 6 daga ciki suka ba da wannan amsa. Da gida ɗaya tak ya faɗi akasin haka, lambar za ta motsa da maki 11. Babu inda allon ya nuna wa mai kallo cewa a kan gida 9 ake magana.

Bayan taron, fahimtar da aka yi a ofis ita ce ma'aikata ba su iya amfani da allon ba ne. Aka sa mata ranar Alhamis ta koyar da su. Ta gyara zanen da'irar, ta sa manhajar a kwamfutoci biyu na ofis, ta yi awa biyu tana nuna yadda ake danna filta da yadda ake goge ta. Mutum tara suka zauna, sun yi tambayoyi, sun gode. Mako biyu bayan haka ta duba kwamfutocin, ba wanda ya sake buɗe fayil ɗin. Saƙonni dai suna ta shigo mata a waya: a turo min adadin masu burtsatse a Gwammaja, a duba min Kabuga.

Tsakiyar Maris: ta ajiye gini ta koma kallo

A nan ne ta canza hanya, kuma shawarar daga shugaban masu fita unguwanni ta fito, mutumin da ko laftof ba shi da ita. Ya ce ta bi su fita sau ɗaya, ta kuma zauna a taron safiyar Litinin ba tare da ta kunna komai ba.

Ta yi hakan har mako uku. Ta kuma bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda. Ba ta ce me kake so a saka a allo ba, domin ta riga ta ga cewa mai amsa irin wannan tambaya komai ma cewa yake a saka. Cewa take: yaushe rabon da ka nemi wata lamba daga binciken nan, wa ya tambaye ka, a ina kake, me ka yi da ita?

Amsoshin sun taru a wuri kaɗan. Hajiya tambayarta ɗaya ce a kowane wata: wace mazaɓa ce ta fi matsuwa, don a san inda za a kai gyaran burtsatse na gaba. Masu fita unguwanni na son abin da za su riƙe a hannu idan sun zauna a zauren mai unguwa, bayanin mazaɓarsa kaɗai, da Hausa. Malam yana son ya ga an samu canji ko ba a samu ba tsakanin zagaye da zagaye, don rahoton wata uku-uku da ake tura wa masu ba da tallafi. Cikin tambayoyi sama da 80, waɗanda ake komawa kansu a kai a kai ba su wuce bakwai ba.

Ta kuma ga inda ake karanta lambobin. Hajiya a waya take karantawa, sau da yawa a cikin mota tsakanin taro da taro. Masu fita unguwanni wayoyinsu ƙanana ne, datarsu ta aljihunsu ce, kuma a tsakar rana fuskar waya ba ta ganuwa sosai. Abin da ake bugawa a ofis da firinta mai baƙi da fari ake bugawa, daga nan a kai shago a yi fotokwafi. Ja da kore da ta yi ta wahalar zaɓa duk toka-toka suke fitowa. Kwamfutocin ofis biyu kuma sai an tada janareta idan babu wuta, ba wanda zai sa a ƙona mai don ya duba lamba ɗaya alhali ga ta nan zaune ana iya tambayarta.

Kafin ta sake taɓa kwamfuta, ta zana fasali uku da biro a kan farar takarda, ta kai wa mutum biyar. Wannan adadi ba ita ta ƙirƙira ba. Jakob Nielsen, masanin gwajin sauƙin amfani da manhajoji, ya yi rubutu a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan fito da mafi yawan matsalolin fasali, gara a yi ƙananan gwaje-gwaje sau da yawa da a yi babba sau ɗaya. Fasalin da ta fi so, mai akwatuna huɗu a jere, shi aka fara yarwa, domin a faɗin waya akwatunan sai sun ƙanƙance har rubutu ya ɓace.

Afrilu: gyara daga bakin fom

Zagaye na biyu ya matso, ta kawo buƙatar a gyara fom ɗin kafin a fita. Malam bai yarda nan take ba, kuma yana da hujja: duk tambayar da aka canza lafazinta, ba za a iya kwatanta amsarta da ta Nuwamba ba. An yi kwana biyu ana ja. Inda aka tsaya shi ne ba za a taɓa lafazin kowace tambaya ba sai ta kuɗin ruwa, wadda shi ma ya amince cewa amsoshinta na farko ba su da amfani.

Ta nuna masa dalilin da misali na gida biyar. A ce huɗu sun faɗi kuɗin jarka, naira 100, 100, 120 da 150, na biyar ya faɗi kuɗin kura, 1,500. Idan aka tara aka raba biyar za a samu 394, farashin da babu gidan da ya biya. Idan kuwa aka jera su aka ɗauki na tsakiya, 120 za a samu. Daga nan aka yanke abu biyu: tambayar za ta koma kuɗin jarka ɗaya mai lita 25 a makon da ya wuce, sannan jarka nawa gidan ya saya jiya, rahoto kuma zai riƙa nuna farashin tsakiya.

Sauran gyaran bai shafi abin da ake karanta wa mutane ba. An rufe wurin rubuta unguwa da hannu, aka mayar da shi jerin zaɓi mai hawa uku: ka zaɓi ƙaramar hukuma, sai mazaɓunta kaɗai su fito, ka zaɓi mazaɓa, sai unguwanninta. Hotoron Tarauni da ta Nassarawa kowace ta samu lambarta. An sa wa kuɗin jarka iyaka, idan aka shigar da adadin da ya wuce hankali wayar za ta tsaya ta ce a sake dubawa. An kuma ƙara tambaya ɗaya bayan ta hanyoyin ruwa: cikin waɗanda kuka faɗa, wacce ce babba? Haɗa jerin unguwannin ya fi komai cin lokaci, domin babu wata takarda guda da ta tattara su, sai da shugaban masu fita unguwanni ya yi ta kiran masu unguwanni a waya.

Mayu: allo na biyu

Ta koma Excel, wanda kowa a ofis ya riga ya saba da shi. Ta raba aikin hawa uku. Fayil ɗin da aka sauke daga Kobo yana zaune a jakarsa, ba mai taɓa shi. Duk gyaran suna da tacewa an rubuta su a matsayin matakai a Power Query, sashen gyara bayanai wanda ke cikin Excel tun fitowar 2016, ta yadda idan sabbin bayanai suka zo, maɓalli ɗaya za a danna matakan su maimaita kansu. Wannan ya sa ta sake aikin Janairu daga farko, domin gyaran da ta yi da hannu a fayil na asali bai bar wata shaida ta abin da aka canza ba. A wannan karon ta yi tebur mai kolom biyu, yadda aka rubuta da yadda ya kamata, kowa na iya dubawa ya ƙara.

Hawa na uku shi ne abin da mutane ke gani, kuma shafi iri biyu ne kacal.

Shafin Hajiya yana jera mazaɓu 12 daga wadda ta fi matsuwa zuwa wadda ta fi sauƙi, da sanduna a kwance, sunan mazaɓa a hagu, lamba a ƙarshen sanda. An zaɓi kwance saboda sunaye irin su Rijiyar Lemo da Tudun Murtala ba sa shiga ƙarƙashin sandar tsaye sai an karkatar da su. Kan shafin jimla ce cikakkiya da ke faɗin sakamako, irin mazaɓu kaza da kaza ne suka fi dogaro da 'yan garuwa, ba take irin hanyoyin samun ruwa ba.

Shafin mazaɓa takarda ɗaya ce A4 a tsaye, mai alƙaluma bakwai, daga sama zuwa ƙasa a layi guda don ya zauna a waya. Kowane adadi yana tafe da asalinsa a gefe, a rubuta kashi 70 sannan a ƙasa gida 35 cikin 50. Kusa da shi akwai siririn layi mai nuna inda jimillar mazaɓu 12 ta tsaya, don mai unguwa ya ga nasa ya fi ko bai kai ba. A tambayar da ake zaɓar amsa da yawa an rubuta a fili cewa gida ɗaya na iya faɗin hanya fiye da ɗaya. Launi biyu ne, baƙi mai duhu na Afrilu, toka mai haske ta Nuwamba, don su rayu bayan an yi fotokwafin takarda. Zaɓi biyu kaɗai ya rage a sama, mazaɓa da harshe, Hausa ko Turanci.

Filta shida ɗin nan an cire su, kuma wannan ne ya fi jawo gardama. Ka'idar da ta sa ita ce idan gidajen da ake magana a kansu ba su kai 30 ba, shafin ba zai nuna kaso ba sai ƙidaya, idan ba su kai 10 ba kuma ba zai nuna komai ba. Ko da gida 50 ɗin ma, amsar da ta fito kashi 50 tana iya kasancewa ko'ina daga wajen 36 zuwa 64 a ainihin mazaɓar. Saboda haka a shafin Hajiya ta sa gargaɗi cewa mazaɓun da tazararsu ba ta da yawa a ɗauke su kunnen doki. Taswirar ɗigo-ɗigo ba ta dawo ba, lambobin GPS ma ba sa barin fayil na asali.

Rabawa kuma ta WhatsApp ake yi, amma a matsayin PDF. Gwajin farko da hoto aka tura, manhajar ta matse shi har ƙananan lambobi suka dushe. Akwai kuma matsalar haruffa masu lanƙwasa, ɗ da ƙ da ɓ, da suka fito akwati-akwati a wata kwamfuta. Ta koma salon rubutu na Noto Sans, wanda ke da su duka, PDF kuma yana tafiya da salon rubutunsa a cikinsa.

An yi gwaji da mutum biyar, ba waɗanda suka ga zanen biro ba. An ba kowa aiki uku: nemo mazaɓar da ta fi dogaro da 'yan garuwa, faɗi farashin jarka a Gobirawa, faɗi ko masu tace ruwa sun ƙaru a Kabuga. A tsohon allo mutum ɗaya ne ya kammala ukun, shi ma sai da ya haura minti biyar. A sabon shafi huɗu sun kammala cikin ƙasa da minti biyu. Na biyar ya ɗauka mazaɓar da ke saman jeri ita ce ta fi kowa samun ruwa, kamar yadda na ɗaya a aji yake saman takardar sakamako. Saboda shi aka ƙara rubutu a saman jerin da ƙasansa, mafi matsuwa da mafi sauƙi.

Yuni: miƙa aiki

A taron masu unguwanni na biyu ba a kunna majigi ba. An raba wa kowa takardar mazaɓarsa. Mai unguwar da ya yi gardama a Maris ya duba tasa, ya tsaya a kan gida 35 cikin 50, ya tambayi a waɗanne layuka aka shiga. Zancen ya koma kan ko gidajen da aka zaɓa sun wakilci unguwar, tambayar da Malam ya fi kowa iya amsawa. Hajiya ta yi amfani da shafinta wajen zaɓar mazaɓu biyu da za a fara kai gyara. Saƙonnin neman lamba sun ragu sosai, waɗanda suka rage kuma na abubuwan da ba sa cikin bakwai ɗin ne.

Ta rubuta bayanin miƙa aiki shafi biyu: inda ake ajiye sabon fayil, maɓallin da ake dannawa, yadda ake ƙara suna a teburin gyara, yadda ake fitar da PDF 13. Ta sa Malam ya yi duka da hannunsa sau biyu tana zaune ba ta ce uffan ba. A karo na farko ya maƙale a wajen sunan jaka, aka gyara bayanin.

Abu uku ba su warware ba. Farashin ruwa na Nuwamba ya tafi ke nan, a gurbinsa an rubuta cewa ba a auna shi ta hanyar da za a kwatanta ba. Bambancin da aka gani tsakanin zagayen biyu kuma ya haɗa da na yanayi, domin Nuwamba bayan damina ne, Afrilu tsakiyar bazara, sai an samu wani Afrilun kafin a san abin da aikin ƙungiyar ya canza. Na uku, tsohon allon bai mutu ba. Masu ba da tallafi sun ga hotonsa sun so shi, don haka aka cire taswirar aka bar shi a kwamfutar Malam, ana haska shi idan baƙi sun zo.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

A ganina kuskure ne a ce Power BI ne ya gaza, Excel ya yi nasara. Ƙungiyar da ke da lasisi da wuta da ma'aikata masu zama a gaban kwamfuta za ta ci moriyar allo irin na farko. Abin da ya kayar da shi a nan shi ne an gina shi a kan jerin tambayoyin fom, kowace tambaya da zanenta, alhali masu amfani da shi buƙatu uku suke da su, kuma a waya da takarda suke neman amsa. Horon ranar Alhamis ya faɗi saboda dalili ɗaya da wannan. Mutanen sun fahimci abin da aka koya musu sarai, hanyar ce ta fi tsawo a kan tura mata saƙo.

Cikin gyare-gyaren, wanda na fi ba nauyi shi ne rubuta gida 35 cikin 50 a gefen kowane kaso. Shi ya rufe ƙofar kurakuran Maris guda biyu a lokaci ɗaya, shi ne kuma ya ba mai unguwa abin da zai kama ya yi tambaya mai ma'ana. Na biyu gyaran fom, wanda a takarda ba ya cikin aikin da aka ba ta. Ba don shi ba, da shafin Mayu ya fito tsaf da farashin jarka na ƙarya a tsakiyarsa.

Cire filta yana da hasara, bai kamata a ɓoye ta ba. Tambayar wakilin nan a kan gidajen da mata ke riƙe da su tambaya ce mai kyau, sabon shafin kuma ba ya amsa ta ko kaɗan. Amma binciken gida 50 a mazaɓa ba zai iya amsa ta a matakin mazaɓa ba ko da wane irin allo ne. A matakin mazaɓu 12 gaba ɗaya ana iya amsa ta, kuma da an ƙara shafi na uku don irin wannan rabe-rabe da ya fi.

Wani ɓangare na laifin watanni biyun farko na ofishin ne. An damƙa wa ɗaliba bayanan gida 600 da lambobin GPS ɗinsu a makonta na farko, ba wanda ya zauna da ita a kan abin da ya halatta ya fita da wanda bai halatta ba, ba wanda ya ce ga wanda zai karanta rahoton. Zama na awa ɗaya da Malam a Janairu ya isa ya hana abin da ya faru da link ɗin. Jerin unguwannin kuma har ta tafi ba a ɗora wa kowa alhakin sabunta shi ba, ga shi ana shirin ƙara mazaɓu daga Ungogo da Kumbotso a zagaye na gaba.